Kwamfutar ɗakin duban taurari: a ɗaga ta zuwa Windows 11 ko a bar ta yadda take?

Gamzaki:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawara a kan kwamfutar da ke tafiyar da ɗakin duban taurari na ƙungiyarmu. Ƙarama ce, Intel Core i5 ƙarni na 7, RAM 16GB, SSD 500GB, Windows 10 Pro ke kanta. Abubuwan da ke rataye da ita su ne mazaunin madubin hangen taurari EQ6-R, wato na'urar da ke juya madubin ya bi sama, ta wayar EQDIR da manhajar sarrafa shi EQMOD, babbar kyamarar ASI2600 ta kamfanin ZWO mai sanyaya kanta, ƙaramar kyamarar bin sawun tauraro da manhajarta PHD2, na'urar saita kaifin hoto, faifan matatan haske, sai akwatin buɗe rufi da ke magana ta kafar siriyal. Manhajar NINA ke jan ragamar aikin dare. Ba kowa a wurin da dare, daga nesa ake shiga ta Remote Desktop. Kun san Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. A yanzu komai na aiki lafiya lau. Shin a ɗaga ta zuwa Windows 11, a bar ta haka, ko a koma Linux gaba ɗaya?

Dan_Falaki:
Wa alaikumus salam. Kafin a je ga wane ne ya fi, sai ka san cewa Core i5 ƙarni na 7 ba ya cikin jerin da Microsoft ta amince wa Windows 11. Jerin ya fara ne daga ƙarni na 8 a ɓangaren Intel. Ko da ka kunna TPM 2.0, sashen tsaron da Windows 11 ke nema, a BIOS, wanda Intel ke kira PTT, Windows Update ba zai miƙo maka ita ba. To zaɓinka na gaskiya huɗu ne: ka tsallake sharaɗin da Rufus (manhajar shirya filashin girka Windows), ka kawo sabuwar kwamfuta, ka zauna a Windows 10, ko Linux.

Zara_da_Wata:
Ni dai ra'ayina kada a taɓa ta. Kwamfutar da ke riƙe da rufi da mazauni aikinta ɗaya ne, kuma tana yinsa. Windows 11 ba za ta ƙara wa hotonka kaifi ba, ba za ta rage kuskuren bin sawu ba. Abin da kawai ya canza ranar 14 ga Oktoba shi ne an daina aiko facin tsaro. Wannan matsala ce ta hanyar sadarwa, a can ya kamata a magance ta: a cire kwamfutar daga intanet kai tsaye, a daina buɗe burauza da imel a kanta, a shiga ta VPN kawai, wato killatacciyar hanyar shiga daga nesa.

Injiniya_Kubba:
@Zara_da_Wata, na yarda da rabin maganarki. Amma Malam Gamzaki bai faɗa mana yadda Remote Desktop ɗin ke fita waje ba, kuma a nan hatsarin yake. Idan an buɗe kafa ta 3389, ƙofar Remote Desktop, a rauta don a riƙa shiga daga gida, to a rufe ta yau, ko wace irin Windows ce a kai. Ana laluben wannan kafar dare da rana a intanet. Ɓarakar BlueKeep ta 2019 ta nan ta biyo, WannaCry ta 2017 kuma ta kafar 445 ta raba fayil. A ɗora WireGuard, wato manhajar VPN, a kan rautar, ko a kan wata ƙaramar na'ura da ke samun faci, ita ce za ta zama ƙofa tilo. Sannan a katangar tsaro a hana kwamfutar duban taurarin fita ko'ina sai wurin daidaita agogo da wurin tura hotuna.

Gamzaki:
Ta WireGuard muke shiga, ba a buɗe 3389 ba. Amma kwamfutar tana iya fita intanet yadda ta so, ba mu taƙaita ba.

Dan_Falaki:
To kana da sarari, ba gaggawa ba ce. Ka yi rajistar ESU, wato ƙarin wa'adin facin tsaro. Na masu amfani a gida yana kaiwa 13 ga Oktoba 2026. Sharaɗinsa Windows 10 ɗin ta kasance siga 22H2, a shiga da asusun Microsoft, kuma kada kwamfutar ta kasance a ƙarƙashin domen na ma'aikata. Na ma'aikatu yana iya kaiwa shekara uku. Wannan ba mafita ba ce ta dindindin, lokaci ne kake saya don ka shirya ƙaura a natse.

MaiKyamara88:
EQMOD ma ba ya aiki a Windows 11, tsohuwar manhaja ce. In za ka ɗaga sai ka koma Green Swamp Server, wata manhajar sarrafa mazauni.

Hajiya_Taurari:
@MaiKyamara88, wannan ba daidai ba ne. EQMOD da Visual Basic 6 aka rubuta shi, kuma abin da yake buƙata don ya tashi yana nan cikin Windows 11. Yana aiki. Abin da ke sa mutane su ɗauka ya mutu, waya ce. Wayoyin EQDIR iri biyu ne: masu guntun lantarki na FTDI da masu guntun Prolific. Sabon direban Prolific yana ƙin tsofaffin guntaye. A Device Manager, maimakon lambar COM, za ka ga an rubuta cewa PL2303TA ba ya tafiya da Windows 11, ko kuma PL2303HXA an daina shi tun 2012. Ana iya tilasta tsohon direba, amma Windows Update kan sake ɗora sabon a kai, kuma ba ka san daren da zai yi hakan ba. Malam Gamzaki, ka buɗe Device Manager, ƙarƙashin Ports, ka duba kowace waya ta Properties, Details, Hardware Ids. VID_0403 na FTDI ne, VID_067B na Prolific, VID_1A86 na CH340. Duk wadda ta fito Prolific tsohuwa, a musanya ta kafin ma a yi maganar ƙaura. FTDI na da wata fa'ida: kowane guntu na da lambarsa, saboda haka lambar COM tana bin wayar ko ka sauya mata kafar USB. Yawancin na Prolific da CH340 kafar suke bi, da ka sauya rami lamba ta canza.

MaiKyamara88:
Na gode da gyara, Hajiya. Amma Green Swamp Server har yanzu ana kula da shi, EQMOD kuwa ya daɗe bai ga babban sabuntawa ba.

Hajiya_Taurari:
Haka ne, kuma zaɓi ne mai kyau. Sai dai kada a haɗa sauya babbar manhaja da sauya direban mazauni a mako ɗaya. In bin sawu ya lalace ba za a san wanda ya jawo ba.

Gamzaki:
Na duba. Wayar mazauni FTDI ce. Na'urar saita kaifi CH340. Akwatin rufi kuwa Prolific ne, kuma direbansa na ASCOM, wato tsarin da manhajojin duban taurari ke magana da na'urori a Windows, tsoho ne sosai, wanda ya ƙera akwatin ya daina fitar da sabo.

Injiniya_Kubba:
To a nan shawarar take, a kan wannan akwatin. Kyamarar ZWO da PHD2 da NINA duk za su tashi a Windows 11 ba gardama. Rufi shi ne abin da in ya ƙi rufewa ruwa zai sauka a kan komai. Abu uku za ka bincika.

Na farko wayar. In wayar USB zuwa siriyal ce dabam da akwatin, musanya ta da ta FTDI ya wadatar. In guntun yana cikin akwatin a manne, aikin ya fi haka.

Na biyu irin direban. Tsofaffin direbobin ASCOM da yawa DLL ne na 32-bit da ke shiga cikin manhajar da ta kira su. NINA 3 ta 64-bit ce zalla, ba za ta iya loda irin wannan kai tsaye ba. Tunda yanzu yana aiki da NINA a wurinka, ko dai direban yana tashi a matsayin shiri mai zaman kansa, ko an bi da shi ta manhajar shiga tsakani, Device Hub ko tsohon POTH. Ka gano wanne ne ka rubuta, domin a sabuwar kwamfuta sai ka maimaita hanyar daidai. Ka kuma tabbata kana da fayil ɗin girka direban a ajiye. In shafin mai shi ya rufe kuma ba ka da kwafi, to wannan faifan naka shi kaɗai ke riƙe da shi.

Na uku, kuma ya fi sauran: rufewar gaggawa kada ta dogara da Windows kwata-kwata. Na'urorin gane hadari irin su CloudWatcher suna da rile, wato makunnin lantarki mai aiki da kansa, da ake haɗawa kai tsaye da akwatin rufi. In ruwa ya fara, rufi ya rufe ko kwamfuta na raye ko ta daskare. Idan rufinku mai turawa ne kuma zai iya bugun madubi in ba a ajiye shi ba, ana sa makunnin da ke tabbatar da mazauni yana wurin ajiyarsa, da batirin UPS da zai iya juya motar rufin sau ɗaya aƙalla. In wannan yana nan, kuskuren ƙaura zai jawo asarar dare ɗaya ne kawai. In babu shi, a fara da shi kafin komai.

Pinguin_INDI:
Tunda kwamfutar ba ta cancanci Windows 11 ba, ga Linux. i5 ƙarni na 7 da RAM 16GB ya fi ƙarfin abin da manhajojin duban taurari KStars da Ekos ke buƙata. INDI, takwaran ASCOM a Linux, na da direban EQMod na kansa, da na kyamarorin ZWO, PHD2 ma yana tashi a Linux, haka ma ASTAP mai warware hoto, wato gano inda madubi ke kallo daga taurarin da ke cikin hoton. Ubuntu 24.04 LTS na da tallafi har 2029, kuma ba za ta sake kunna kanta ba sai ka ce. Abubuwan da ke kama sababbi kaɗan ne amma sanannu. A sa mai amfani cikin rukunin dialout, in ba haka ba kafar siriyal ba za ta buɗu ba. Kada a rubuta /dev/ttyUSB0 a saiti, domin lambar tana iya juyawa in an sake kunnawa. A yi amfani da sunan da ke cikin /dev/serial/by-id. A Ubuntu 22.04 shirin brltty na makafi yana ƙwace na'urorin CH340, sai an cire shi na'urar saita kaifi za ta bayyana. Sannan usbfs_memory_mb, ma'ajin wucin gadi na USB, yana zuwa da 16MB, wanda ya yi wa babbar kyamara kaɗan. Ƙa'idar udev ta ZWO tana ɗaga shi zuwa 200, a tabbata ta shiga.

Zara_da_Wata:
@Pinguin_INDI, NINA ba ta tashi a Linux, direban rufinsa kuma na ASCOM ne kaɗai. Kana ce masa ya sake gina jerin aikin dare daga tushe, duk 'yan ƙungiya su koyi sabuwar manhaja, sannan ya nemo wa rufi direban da babu.

Pinguin_INDI:
Maganar NINA gaskiya ce, Ekos ce za ta maye gurbinta, kuma tsarin jera aikinsu ba ɗaya ba ne. Amma rufi yana da hanya. INDI na da Dome Scripting Gateway: kana rubuta ƙananan umarni na buɗe, rufe, tsaya, da faɗin hali, shi kuma ya kira su. Akwatunan rufi da yawa haruffa 'yan kaɗan suke karɓa ta siriyal. In an san haruffan, ko an saurari abin da tsohon direban ke aikawa, aikin yamma ɗaya ne ga wanda ya iya Python. In ba a san su ba, ban ba da shawarar a yi ta cankar umarni a kan motar rufi ba.

Malam_Agogo:
Bari in shigo da abin da ake mantawa a kowace ƙaura, wato agogo. Sama tana juyawa daƙiƙar kusurwa 15 a kowace daƙiƙa ta lokaci. Agogon da ya kauce da minti ɗaya zai kai madubi gefe da minti 15 na kusurwa, rabin faɗin wata ke nan. Warware hoto da ASTAP yana gyara wannan, shi ya sa masu ɗaukar hoto kawai ba sa lura. Amma in ƙungiyarku na auna wucewar duniyoyi gaban taurarinsu ko taurari masu sauya haske, lokacin da aka rubuta a gurbin DATE-OBS na fayil ɗin hoto na FITS shi ne awon kansa. Sabuwar Windows tana zuwa da daidaita agogo na jefi-jefi. A kashe shi a ɗora NTP na Meinberg, manhajar daidaita agogo ta intanet, a duba da ntpq -p cewa tazarar na cikin 'yan milisakan. Masu auna ɓuyar tauraro bayan dutsen sama kuwa NTP ta intanet ba ta isar musu, sai GPS mai bugun PPS, wato bugu ɗaya a kowace daƙiƙa. Kuma bayan girka sabuwar manhaja a duba shiyyar lokaci, a duba latitud da longitud a wuri uku: EQMOD, NINA, da manhajar taswirar sama. Longitud na yamma da alamar debewa yake. In ta faɗi, lokacin juya mazauni a tsakiyar sama zai kauce.

Gamzaki:
Muna auna taurari masu sauya haske, to wannan ya shafe mu. Meinberg na kai yanzu, zan sa shi a jerin abubuwan da za a maimaita.

Dan_Falaki:
Mu koma ga tambayar. Tsallake sharaɗi da Rufus yana aiki, ƙarni na 7 yana da SSE4.2 da siga 24H2 ke nema. Amma Microsoft ta faɗa a fili cewa kwamfutar da ba ta cika sharaɗi ba ba ta da tabbacin samun sabuntawa. A aikace facin wata-wata kan zo, babbar sigar shekara ce ba ta zuwa da kanta. Kowace siga ta Windows 11 Pro wata 24 take samun tallafi. Ma'ana duk bayan shekara biyu, ko ƙasa da haka, wani zai je wurin ya sake yin babbar ƙaura da hannu a kan injin da ba a amince da shi ba. Ga kwamfutar tebur a gida ba komai. Ga wadda ba kowa kusa da ita, ban ga hikimar ba.

Injiniya_Kubba:
Ina tare da Dan_Falaki. Hanyar da ta fi aminci ita ce sabuwar ƙaramar kwamfuta mai Windows 11 Pro, a gina ta a gefe, tsohuwar na ci gaba da aiki. Pro lallai, domin Home ba ta karɓar Remote Desktop. Ranar sauyi a cire wayoyi daga waccan a sa a wannan. In an samu cikas, cikin minti goma an mayar. Ba a sakin reshe a kama ganye. Tsohuwar ta zauna a ajiye wata biyu ko uku ba a goge ta ba.

Hajiya_Taurari:
Ga abubuwan da za a kwashe daga tsohuwar, domin yawancinsu ba sa cikin Documents. Bayanan NINA suna cikin %LOCALAPPDATA%\NINA\Profiles, jerin ayyuka da samfuransu kuma a inda kuka zaɓa. PHD2 a fitar da saitinsa ta Manage Profiles, Export. Hotunan duhunsa, waɗanda ake ɗauka da kyamara a rufe don tace hoto, gara a sake ɗauka. Saitin direbobin ASCOM a rajista yake, ana ganinsa da Profile Explorer, amma kada a kwafe shi ɗungurungum zuwa sabuwa, domin lambobin COM za su bambanta. A ɗauki hoton allon kowane shafin saiti, a cika da hannu. EQMOD na ajiye nasa a fayilolin ini cikin %APPDATA%\EQMOD, har da wuraren ajiye madubi da iyakokin juyawa. Wannan foldar tana da muhimmanci ga rufi: in wurin ajiya na musamman ya ɓata, mazauni zai tsaya a inda rufi zai same shi. A kwashe lanƙwasar PEC, ta gyaran kuskuren giyar mazauni, in akwai, da tazarar kaifi tsakanin matatai, da rumbun taurarin ASTAP. In akwai manhaja mai lasisi da ke ɗaure da inji, a sake ta daga tsohuwar kafin a kunna a sabuwa.

Tsarin girkawa kuma: a kunna .NET Framework 3.5 a Windows Features saboda tsofaffin direbobi, sai ASCOM Platform, sai direbobin masu ƙera na'urori, sai direbobin ASCOM nasu, manhajoji a ƙarshe. A riƙa sa na'ura ɗaya ɗaya, a gwada, a rubuta lambar COM. Kada a buɗe ɗaya a matsayin Administrator ɗaya kuma a'a. In NINA da PHD2 ba su tashi da matsayi ɗaya ba, kowanne zai so ya tada nasa EQMOD, na biyun ya tarar kafar a riƙe.

BabanSiriyus:
Ƙari a kan na Hajiya, abubuwan da sabuwar Windows 11 ke kunnawa da kanta waɗanda ba su dace da ɗakin da ba kowa ba.

Memory integrity, ƙarƙashin Core isolation, yana hana tsofaffin direbobi loduwa. Na'ura za ta fito da alamar motsin rai a Device Manager. In dole ne a yi amfani da tsohon direba sai an kashe shi, a san cewa an rage tsaro.

Kulle faifai na BitLocker: a 24H2, in aka girka sabuwa aka shiga da asusun Microsoft, yakan kunnu da kansa. Bayan sabunta BIOS yana iya tsayawa a farkon kunnawa yana neman mabuɗi mai lamba 48, kuma a wannan matakin ba Remote Desktop. Ko a kashe shi, ko a riƙa dakatar da shi kafin taɓa BIOS, mabuɗin kuma a ajiye a wani wuri.

OneDrive yana iya ɗauke Documents. Hoton ASI2600 ɗaya kusan 50MB ne, dare ɗaya ya isa ya cika ma'ajin ya toshe layin. A kai hotuna wata folda a wajen Documents.

Wuta: a kashe barci, a kashe USB selective suspend, a cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe kowane USB hub a Device Manager. Umarnin powercfg /h off yana kashe Fast Startup, wanda ke hana na'urorin USB tashi tsaf. A BIOS a sa kwamfuta ta kunna kanta in wuta ta dawo.

Sabuntawa: Active hours na karɓar awa 18, a sa daga 3 na rana zuwa 9 na safe. Ana iya dakatar da sabuntawa har mako 5. A Pro, ta gpedit, a sa Configure Automatic Updates a kan sanarwa kawai, sai a zaɓi rana a yi da hannu.

Zara_da_Wata:
Ku duba tsawon wannan jerin. Duk wannan aiki don a dawo inda ake yau. Manyan cibiyoyin nazarin sama ba sa bin kowace sabuwar siga. Suna daskarar da manhajar injin sarrafawa shekaru, su killace shi daga waje.

Dan_Falaki:
Suna daskararwa, amma suna da injin gwaji da ma'aikatan da ke shirya ƙaura tun kafin wa'adi. Wa'adin kuma yana kama su su ma: CentOS 7 ya ƙare 30 ga Yuni 2024, Python 2 tun farkon 2020, duk wanda rubutunsa ke kansu sai da ya motsa. Matsalar zama a Windows 10 ba ta tsaya a facin tsaro ba. Abin da ya faru da Windows 7 bayan Janairun 2020 zai maimaitu: manhajoji su daina tallafa mata ɗaya bayan ɗaya. NINA 3 ma ba ta tashi a ƙasa da Windows 10. Ranar da kyamara ta lalace aka kawo sabuwa wadda direbanta ke neman sabuwar Windows, za a yi ƙaurar cikin gaggawa, kuma ita ce ƙaura mafi muni.

Zara_da_Wata:
Wannan hujja ce mai ƙarfi, ban musa ba. Amma tana nuna a shirya ne, ba ta nuna a sauya wannan watan ba.

MaiKyamara88:
Ina batun Windows 10 IoT Enterprise LTSC 2021? Tallafinta na kaiwa Janairun 2032.

BabanSiriyus:
Ranar daidai ce, kuma a fasahance ta dace da irin wannan aiki. Matsalar lasisi ce: an yi ta ne don masu ƙera na'urori na musamman, ta hannun dillalan da aka amince da su ake samu. Mabuɗan da ake tallatawa barkatai a intanet ba abin da ƙungiya za ta dogara da shi ba ne. Kuma girka ta sabuwar girkawa ce, duk jerin Hajiya sai an bi.

Injiniya_Kubba:
Akwai hanyar tsakiya in direban rufin ya ƙi Windows 11 ƙememe. A bar tsohuwar kwamfutar da aikin rufi kaɗai, a ɗora mata ASCOM Remote, a yanke ta daga intanet. Sabuwar ta gan ta ta Alpaca, hanyar ASCOM ta kan layin sadarwa, a cikin gida. Sai a buɗe kafar da ASCOM Remote ke saurare, 11111 in ba a canza ba, da UDP 32227 na ganowa. Illarsa an samu inji biyu da za su iya tsayawa maimakon ɗaya, shi ya sa rilen da na ambata ya zama wajibi.

Malam_Agogo:
Ga masu awon haske, ƙarin gwaji ɗaya. Sabon direban kyamara yana iya zuwa da saitin gain da offset dabam da waɗanda kuka saba, musamman in a da ta direban ASCOM kuke bi yanzu kuma ta na cikin NINA. Kafin sauyi a ɗauki hotunan bias (na duhu mafi gajeren lokaci) 20 da na duhu 10 a sanyin da kuka saba, a rubuta matsakaicin ADU, wato lambar hasken da kyamara ke bayarwa. Bayan sauyi a maimaita. In lambar ta motsa, tsohon rumbun hotunan duhu ya tashi aiki, a sake ɗauka. A kuma rubuta ranar sauyin a littafin awo, don wanda zai haɗa bayanan kafin da bayan ya sani.

Hajiya_Taurari:
Ga wanda zai ɗaga a kan inji ɗaya duk da haka: a fara yin kwafin faifai gaba ɗaya da Clonezilla zuwa wani SSD, a sa kwafin a kunna da shi a tabbata yana tashi. Kwafin da ba a gwada ba, ba a san ko yana aiki ba. Windows na ba da kwana 10 na komawa baya, kuma kwana 10 na iya wucewa ba a sami sama mai tsabta ba. Da an gama ɗagawa a buga DISM /Online /Set-OSUninstallWindow /Value:60 don ya zama kwana 60. A zaɓi lokacin da wata ya cika ko lokacin gizagizai, a yi a gaban injin, ba daga nesa ba. Daren farko mutum ya zauna a wurin ya ga cikakken zagaye: buɗe rufi, sanyaya kyamara, warware hoto, bin sawu, juyawar tsakiyar sama, ajiye madubi, rufewa. Da rana kuma a jiƙa na'urar gane ruwa a ga rufi ya amsa, sau ɗaya kwamfuta na kunne, sau ɗaya an kashe ta.

Gamzaki:
Allah ya saka da alheri. Na buɗe akwatin rufin: wayar USB zuwa siriyal ce dabam, za a iya musanya ta. Fayil ɗin girka direban ma an same shi. Sai dai na'urar gane hadarinmu ta cikin NINA take rufe rufi, ba a haɗa rilenta ba. Za mu fara da wannan, da taƙaita fitar kwamfutar intanet, da ESU. Ƙungiya ta rabu biyu tsakanin sabuwar kwamfuta mai Windows 11 da gwada Linux a tsohuwar.

Pinguin_INDI:
Ba sai kun zaɓa yanzu ba. SSD na biyu a tsohuwar kwamfutar, a cire na Windows a ajiye, a gwada Ekos dare biyu ko uku lokacin cikar wata, rufi a buɗe shi da hannu.

Injiniya_Kubba:
Kafin ka haɗa rilen, Malam Gamzaki, ka faɗa mana: rufin zai iya wucewa ta kan madubin a kowane hali, ko sai an ajiye shi? In sai an ajiye, kada ka haɗa shi kai tsaye tukuna. Turo hoton tashoshin wayar da ke cikin akwatin da rubutun da ke jikinsu, a ga ko yana da mashigar makunnin ajiya.